Taga Mai Duban Arewa

A shekarar 1938 wani injiniyan lantarki mai suna Philip Cooper ya kwashe iyalinsa daga Filadelfiya zuwa birnin Washinton. A sabon gidan, ƙaramar ƴarsa Vera, mai shekara goma da haihuwa, ta sami makwanci a gindin wata taga mai duban arewa. Idan dare ya tsala, mutanen gida sun yi barci, yarinyar takan zauna tana kallon sama. Ba a daɗe ba ta lura da abin da mutane da yawa kan tsufa ba su lura da shi ba, wato taurari ba a tsaye suke ba. Wanda ta bari a wannan kusurwa ta taga da farkon dare, kafin asuba ya koma waccan. Guda ɗaya ne tak ba ya gusawa, saura duk zagaya shi suke yi, kamar dabbobin da aka ɗaure a turke ɗaya.

Turken nan shi ne tauraron arewa. Gwargwadon yadda mutum ya nausa arewa, gwargwadon yadda tauraron ke ɗagawa a sama. A Maraɗi ko Damagaram digiri 13 zuwa 14 kawai yake yi sama da ƙasa, har itacen bedi ko katangar maƙwabci kan iya tare shi. A Washinton kuwa ya kai digiri 39, saboda haka taurari da yawa da ke kewaye da shi ba sa faɗuwa sam, zagayen nasu duka a fili yake. Littattafai sun faɗa cewa duniya ce ke juyawa da mai kallo, amma gani ya kori ji. Daga wannan taga Vera ta ɗauko tambayar da ta riƙe ta har ƙarshen rayuwarta: yaya abubuwan sama suke motsi, kuma mene ne ke motsa su? Bayan ƴan shekaru, ita da mahaifinta suka harhaɗa madubin hangen nesa da bututun kwali, irin wanda ake naɗe ledar shimfiɗar ɗaki a jikinsa.

Da lokacin neman makarantar gaba ya yi, ta sha shawarwari iri biyu waɗanda ba ta manta da su ba, domin ta riƙa ba da labarinsu har ta tsufa. A wata kwaleji da ta nema, jami'ar ɗaukar ɗalibai ta ji tana son ilimin falaki kuma tana son zane, sai ta tambaye ta ko ta taɓa tunanin zama mai zana hotunan taurari. Malaminta na fizik a sakandare kuwa, da ta kai masa albishir cewa ta sami tallafin karatu, sai ya ce mata ba za ta sami matsala ba muddin ta nisanci kimiyya. Babu wanda ya zage ta a cikin su biyun. Kowannensu a ganinsa taimako yake yi, kuma irin wannan taimako ya fi zagi wuyar ƙi.

Makarantar da ta ba ta tallafin ita ce Vassar, wadda a wancan lokaci kwalejin mata zalla ce, a garin Poughkeepsie, a bakin kogin Hudson, arewa da birnin Niyok. A tsarin Amurka akwai irin waɗannan ƙananan makarantu masu koyar da digirin farko, wato lisansi, inda ɗalibi kan taɓa fannoni da dama kafin ya tsaya a kan ɗaya, inda kuma aikin malami na farko shi ne koyarwa. Vassar ba ta da suna a manyan bincike-binciken fizik, ba ta da katafaren ɗakin gwaji. Vera ta zaɓe ta ne saboda wata mata da ta karanta labarinta, wadda ta rasu kusan shekara arba'in kafin a haife ta.

Matar ita ce Maria Mitchell, ƴar tsibirin Nantucket, tsibirin masu farautar kifin teku waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan sanin taurari. Mahaifinta ne ya koya mata duban sama. A daren 1 ga Oktoba 1847, daga saman rufin wani banki inda mahaifin ke aiki, ta hango wata tauraruwa mai wutsiya da ba a san da ita ba, abin da ya sa Sarkin Danmak ya ba ta lambar zinariya. Da aka buɗe Vassar a 1865 da ɗalibai 353, ita ce malama ta farko da aka ɗauka, ɗakin duban taurari kuwa shi ne gini na farko da aka kammala. An saka masa madubi mai faɗin inci 12, kimanin santimita 30, wanda a lokacin yana cikin mafi girma a ƙasar. A cikin ginin ta zauna, ita da tsohon mahaifinta. Ba ta yarda da karatun zaune ba. Takan tashi ɗalibanta cikin dare su yi awo da hannunsu, sukan ɗauki hoton tabban da ke fuskar rana kullum idan gari ya washe, ta kuma ratsa ƙasa da su don ganin kusufin rana, a jihar Ayowa a 1869 da kuma Denba a 1878. Da ta gano albashinta bai kai na samarin malamai maza ba, ta tsaya kai da fata sai da aka ƙara.

Bayan ta yi ritaya a 1888, ɗalibarta Mary Whitney ta gaje ta. Whitney ta miƙa wa tata ɗalibar, Caroline Furness. Daga nan ɗakin ya koma hannun Maud Makemson, wadda Vera ta tarar sa'ad da ta shiga a 1945. Shekara tamanin ke nan mata na riƙe da makullin ɗaki ɗaya, wannan ta ba wannan. Yarinyar da aka ce ta nisanci kimiyya ta iso wurin da tambayar ko mace za ta iya duban taurari ba ta da ma'ana, tunda ba a taɓa ganin wanda ke shugabantar aikin ba sai mace. Wannan shi ne abu na farko da ƙaramar makarantar ta ba ta, kuma ba a rubuta shi a manhaja ba.

Ita kanta Makemson ba ta bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Ta yi aikin jarida da koyarwa kafin ta koma karatu da girmanta, ta sami digirin dokta a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1930. Ƙwarewarta lissafin hanyoyin da abubuwan sama ke bi ne, amma tana da wata ƙauna ta daban: yadda al'ummomi ke kiran taurari da harsunansu. A 1941 ta fitar da littafi kan ilimin taurarin mutanen tsibiran Polinesiya, inda ta tattara ɗaruruwan sunayen da matuƙan kwalekwalensu ke amfani da su wajen ratsa teku. Wanda ya tashi yana jin Gamzaki da Zara matar wata da Kaza da ƴaƴanta a bakin kakanninsa zai gane darajar irin wannan aiki. A babbar jami'a mai yiwuwa a raba waɗannan abubuwa biyu, lissafi a wani gini, sunaye a wani. A Vassar suna cikin kan mutum ɗaya, kuma mutumin nan ita ce ke buɗe ƙofar ɗakin duba.

Karatun falaki na wancan zamani aikin hannu ne da na haƙuri. Ba a hura wuta a cikin ƙubbar da madubi yake, domin iska mai ɗumi idan ta haɗu da mai sanyi takan sa hoton tauraro ya riƙa rawa. Saboda haka duk sanyin da ke waje shi ne a ciki, a ƙasar da ruwa ke daskarewa da hunturu. Ɗaliba za ta buɗe tsagar rufi, ta juya ƙubba, ta nemo tauraronta, ta auna matsayinsa, ta duba agogo, ta rubuta. Idan hoto ake so, a kan farantin gilashi ake ɗauka, a wanke shi cikin duhu. Da gari ya waye sai a koma kan tebur. Babu kwamfuta, sai littafin logaritim da fensir. Daga awo uku na tauraruwa mai wutsiya, waɗanda aka yi a darare daban-daban, ana iya fitar da dukan hanyar da take bi wajen zagaya rana, amma lissafin shafi-shafi ne, kuskure ɗaya kuwa a lamba ta biyar ya isa ya aika da ita inda ba za a same ta ba. Wanda ya yi wannan aiki da hannunsa yakan san nauyin lamba. Yakan san wace ce ya amince da ita, wace ce gajimare ko gajiya suka gurɓata.

Yawan mutane ba ya cikin abin da wannan fanni ya mallaka a Vassar. Saboda yaƙin duniya na biyu an taƙaita karatu zuwa shekara uku, kuma da Vera ta kammala a 1948, ita kaɗai ce a cikin ƴan shekararta ta fita da digirin falaki. Kaɗaicin nan yana da fuska biyu. Wanda yake shi kaɗai ba ya layin jiran madubi, ba ya ɓuya a bayan aji, ba ya kuma dogara da wani ya yi masa lissafi. Idan bai gane ba, malami zai gani a fuskarsa nan take. Amma kuma ba shi da tsaran da zai yi gardama da su har tsakar dare, ba shi da ma'aunin da zai gwada kansa da shi. Bai san ko ƙoƙarinsa ƙoƙari ne na gaske ba, ko kuwa a garin da babu doki ne jaki ke sukuwa. Wannan shakka takan bi ɗalibin ƙaramar makaranta har ƙofar babba, kuma sau da yawa ita ke mayar da shi gida tun kafin wani ya kore shi.

Akwai kuma rashi na zahiri da ba a ɓoye shi. A waɗannan shekaru ilimin falaki yana rikiɗewa yana komawa fizik. Tun 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa mafi yawan jikin taurari iskar haidirojin ce, a 1939 kuma Hans Bethe ya bayyana yadda haɗuwar ƙwayoyin zarra a cikin cikinsu ke samar da hasken da suke bayarwa. Wanda ke son shiga wannan fage yana buƙatar zurfin fizik da ƙaramin sashe mai malamai ƙalilan ba zai iya bayarwa duka ba. Kayan aiki ma sun yi nisa. A watan Yuni na 1948, watan da Vera ta yi aure bayan kammala karatu, aka ƙaddamar da madubin dutsen Palomar a Kalifoniya mai faɗin inci 200, wato mita biyar. Hasken da yake tattarawa ya ninka na madubin Mitchell kusan sau 280. Abin da ya taɓa zama abin alfaharin ƙasa ya koma kayan koyo. Vera ta rage wannan giɓi da aikin hutu a ɗakunan binciken rundunar ruwan Amurka da ke Washinton, amma giɓin yana nan.

Abin lura shi ne, ba wannan giɓi ne ya tare mata hanya ba. Ta rubuta wa jami'ar Princeton tana neman littafin bayanin karatun gaba da lisansi, aka amsa mata cewa tunda ba a ɗaukar mata, babu dalilin aiko shi. Sai a 1975 sashen falaki na wannan jami'a ya fara karɓar mata. Harvard ta ba ta gurbi, amma mijinta Robert Rubin yana karatu a Cornell, don haka can ta nufa. Sashen falakin Cornell ƙarami ne a lokacin, sai dai na fizik cike yake da manya. A gaban Bethe da Richard Feynman da Philip Morrison ta cike abin da ta rasa. Giɓin ilimi shekara biyu ko uku suka isa su toshe shi. Ƙofar da aka rufe saboda jinsi kuwa sai da ta shekara ashirin da bakwai kafin ta buɗe.

Kundin digirinta na biyu ya koma kan tambayar taga: motsi. Ta bincika yadda garkunan taurari sama da ɗari ke tafiya. Garken taurari shi ne tarin biliyoyin taurari da ƙarfin ja ya ɗaure wuri ɗaya, kamar wanda rana take ciki. Shugaban sashen ya ga aikin ya cancanci a gabatar da shi a taron ƙungiyar masana falaki ta Amurka a Disamba 1950. Da yake tana gab da haihuwa, kuma ba ƴar ƙungiya ba ce, sai ya ce zai iya gabatarwa da sunansa. Ta ce za ta je da kanta. Ƴan makonni bayan haihuwar ɗanta na fari suka ratsa ƙanƙara da mota, da jaririn da iyayenta, ta yi jawabinta a gaban mutanen da ba ta san ko ɗaya ba. Suka yi mata ca, da yawansu suka ce bayananta ba su isa ba, kuma akwai gaskiya a cikin sukar. Amma wadda ta saba tsayawa ita kaɗai a gaban malami ba ta ga dalilin miƙa aikinta ga wani ba.

Ta yi dokta a jami'ar Georgetown a 1954, da darussan dare, George Gamow yana duba aikinta. Ta haifi ƴaƴa huɗu, waɗanda daga baya dukansu suka sami digirin dokta a kimiyya ko lissafi. A 1965 ta shiga cibiyar Carnegie da ke Washinton, a shekarar kuma ta zama mace ta farko da aka ba izini a hukumance ta yi duba a Palomar. An ruwaito cewa da ta tarar babu makewayin mata, sai ta yanka takarda siffar siket ta manna a jikin hoton namijin da ke ƙofa.

A Carnegie ta haɗu da Kent Ford, wanda ya ƙera na'urar da ke ƙarfafa raunanan haske sannan ta rarraba shi launi-launi. Da farko sun gwada fagen da kowa ke rububi a kansa, sai ta ga tsere da gardama ba su dace da ita ba. Ta faɗa da bakinta cewa ta nemi aikin da za ta yi a natse ba wanda zai dame ta. Ta zaɓi gefen garken Andromeda, maƙwabcin garken da rana take ciki, wanda haskensa kan yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso duniya. Masana sun fi damuwa da tsakiyar garkuna, inda haske ya taru. Gefe kuwa ana ganin an riga an san abin da ke can.

Dalilin wannan zato a bayyane yake. A cikin duniyoyin da ke zagaya rana, na kusa sun fi gudu: Markuri tana yin kilomita 47 a daƙiƙa, wannan duniya kimanin 30, Neftun da ke can ƙurya ba ta kai 6 ba, domin ƙarfin jan rana yana raguwa da nisa. An ɗauka haka garken taurari zai kasance, tunda haskensa a tsakiya ya taru, nauyinsa ma can yake. Rubin da Ford suka riƙa jigilar na'urarsu zuwa ɗakunan duba na jihar Arizona, suna auna gizagizan iskar haidirojin ɗaya bayan ɗaya. Kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya amo idan ta nufo mutum da kuma idan ta wuce shi, haka launin haske ke ɗan gocewa gwargwadon gudun abin da ya fito da shi. Sakamakon da suka buga a 1970 ya nuna cewa gefen Andromeda ba ya lafawa. A 1980, tare da Norbert Thonnard, suka nuna haka a garkuna 21. Da irin wannan gudu, da a ce abin da ido ke gani shi ne duk abin da ke akwai, da taurarin gefe sun tsinke sun watse. Lalle akwai wani nauyi mai yawa da ke riƙe da su, wanda ba ya ba da haske.

Ba ita ta fara wannan zance ba. Fritz Zwicky ya yi shi tun 1933, masu auna sama da na'urorin rediyo ma sun ga alamunsa a shekarun 1970. Abin da ta kawo shi ne awo mai tsabta, garke bayan garke, har musu ya yi wuya. A yau masana sun ƙiyasta cewa wannan ɓoyayyen abu ya ninka abin da ake gani kimanin sau biyar, kuma har yanzu ba a san mene ne shi ba.

Kuskure ne a ce Vassar ce ta gano wannan, ko a ce ƙaramar makaranta ta fi babba. Ba don fizik ɗin Cornell da na'urar Ford da manyan madubai ba, da ba a kai ga komai ba. Amma halayen da aikin ya buƙata tsofaffi ne a wurinta: jure sanyin dare, amincewa da lambar da hannunta ya auna ko da ta saɓa wa zaton manya, da rashin jin tsoron zama inda babu jama'a. Ɗalibin da ke karatu a ƙaramin sashe, ko a Poughkeepsie ko a Tawa, yakan ƙirga abin da ya rasa kullum, littattafai da na'urori da manyan baƙi masu laccoci, kuma ƙirgarsa daidai ce. Abin da ba kasafai yake ƙirgawa ba shi ne malamin da ya san sunansa da rauninsa, da kuma kayan aikin da, ko da tsoho ne, babu wanda zai hana shi taɓawa.

Vera Rubin ta karɓi lambar kimiyya ta ƙasar Amurka a 1993, a 1996 kuma ta karɓi lambar zinariya ta ƙungiyar masana falaki ta Ingila, mace ta farko tun bayan Caroline Herschel a 1828. Ba a ba ta kyautar Nobel ba. Ta rasu ranar 25 ga Disamba 2016 a garin Princeton. An sa sunanta ga sabon ɗakin duban da aka gina a kan dutsen Cerro Pachón a ƙasar Cili, mai madubi mai faɗin mita 8.4, wanda ya fitar da hotunansa na farko a watan Yuni na 2025. Tsohon madubin Maria Mitchell kuwa tuni aka kai shi gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, birnin da tagar take.

Andromeda ba ta buƙatar ɗayansu kafin a gan ta. A dararen kaka da farkon ɗari, idan babu wata kuma ƙura ba ta taso ba, wanda ya fita bayan gari ya ɗaga kai wajen arewa zai iya ganin ta da ido, ɗan tabo fari-fari kamar hayaƙi. Tsakiyarta ce kawai ido ke kamawa. Gefen da Vera Rubin ta auna yana nan kewaye da tabon, cikin duhu, yana gudu.